Lissafi na hango ambaliyar Yamai, amma ruwan Maradi na shammatarsa

A bakin kogin Isa a birnin Yamai akwai ma'aunin ruwa, faifan ƙarfe masu lambobi da aka kafa a gaɓa, kuma tun shekarar 1929 ake rubuta tsayin kogin a wurin. Idan ruwa ya kai santimita 530, hukumomi kan fitar da gargaɗin farko. A 580 sai na biyu. A 620 kuwa ja ne, wato duk wanda ke kwana kusa da gaɓa ya fara haɗa kayansa.

A farkon watan Satumban 2020 ruwan ya kai wajen santimita 700, abin da ba a taɓa rubutawa ba tun da aka buɗe littafin. Kusan lita miliyan 3 da dubu 400 ke wucewa ƙarƙashin gadar Kennedy a kowane sakan guda. Shingen ƙasar da ke kare ɓangaren Harobanda ya fashe, unguwanni irin su Lamorde suka koma tabki, magidanta na fitar da katifu da buhunan hatsi cikin kwalekwale. Kogin nan dai shi ne wanda a watan Yunin 1985 ya daina gudu a Yamai, har mutane na tsallaka shi da ƙafa.

Kafin ruwan 2020 ya iso gadar, akwai waɗanda suka riga suka gan shi yana tafe. Ba a bakin kogi suka gan shi ba, a fuskar kwamfuta ne. Yamai na ɗaya daga cikin biranen Afirka da suka fi tara masu irin wannan aiki: cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974 tana can ɓangaren Harobanda, cibiyar nazarin yanayi ta Afirka, ACMAD, tana birnin, haka ma hedikwatar hukumar kogin Isa mai ƙasashe tara. Tambayar da matasa ke yawan jefawa a Facebook duk lokacin da gidaje suka rushe ita ce, in dai ana da masanan nan da na'urorinsu, me ya hana a sani tun da wuri? Amsar ta danganta da irin ruwan da ake magana a kai.

Littafin ɗan kasuwa

Abin da masanan ke ginawa cikin kwamfuta ana kiransa samfurin lissafi. Duk mai sayar da hatsi zai gane tushensa nan take: abin da ya shiga sito, a cire abin da ya fita, saura shi ne abin da ke ciki. Ana yanka ƙasar da ke zuba ruwanta cikin kogi gunduwa-gunduwa, kowane yanki da shafinsa a littafin. A kowace rana kwamfuta na rubuta ruwan saman da ya sauka a yankin, ta cire wanda rana da iska suka shanye, ta cire wanda ya nutse ƙasa da wanda saiwar tsirrai ta zuƙe. Abin da ya rage shi ne ke gangarawa, sai ta miƙa shi ga shafin yankin da ke ƙasa da shi, daga ƙorama zuwa gulbi, daga gulbi zuwa kogi.

Ƙa'idojin da ake bi ba sababbi ba ne. Yadda ruwa ke ratsa yashi, wani injiniyan Faransa, Henry Darcy, ya rubuta shi tun 1856. Yadda ruwa ke gudu cikin kwarin kogi kuma Saint-Venant ya tsara shi a 1871. Abin da aka daɗe ana rasawa shi ne mai haƙurin yin lissafin. Wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya taɓa gwada hasashen yanayi na awa shida da alƙalami da takarda. Aikin ya ci masa makonni shida, kuma amsar ta fito ba daidai ba. A littafin da ya fitar a 1922 ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a iya riga yanayin duniya sauri. Sai a 1950 wata kwamfuta a Amurka ta yi hasashen farko da ya yi ma'ana. Wayar da ke aljihun ɗan kabu-kabu a yau ta fi waccan na'ura ƙarfi nesa ba kusa ba.

Sai dai littafin na da gurabe da babu wanda ya san ainihin abin da za a sa. Cikin ruwan da ya sauka a wani fako na Burkina Faso, nawa ne ke nutsewa, nawa ke gudu? Babu wanda ya je ya auna kowane fili. Don haka ake yi wa samfurin saiti: a ba shi ruwan saman shekarun baya, a duba ko kogin da ya fitar ya yi daidai da abin da ma'aunin Yamai ya nuna a shekarun, a yi ta murɗa lambobi har su zo kusa. Ke nan samfurin ɗalibi ne, malaminsa kuwa shekarun da suka wuce. Wannan shi ne ƙarfinsa, nan ne kuma lagonsa yake.

Baƙin ruwa da jan ruwa

Mazauna Yamai sun san kogin na cika sau biyu. Akwai cikar lokacin sanyi, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da ko ɗigon ruwa ba ya sauka daga sama. Wannan ruwan tsaunukan Gini ne, wanda ya sauka tun cikin damina, ya bazu a fadamun tsakiyar Mali wajen Mopti, ya yi watanni yana jan ƙafa, rana ta sha kaso mai yawa, laka ta kwanta, sannan ya iso a tace. Shi ake kira baƙin ruwa. Ga mai lissafi, wannan baƙo ne mai aiko da saƙo: ana ganin wucewarsa a ma'aunan Mali makonni kafin ya shigo Nijar.

Jan ruwa kuwa na Agusta da Satumba ne, kuma daga kusa yake fitowa. Koguna uku ne ke kawo shi daga wajen Burkina Faso, wato Gorouol da Dargol da Sirba, suna ɗauke da jar ƙasar da suka kankaro. Sirba ce babbarsu, kuma tana faɗawa cikin Isa a sama da Yamai kaɗan. A da, baƙin ruwa ne ya fi tsayi. Yanzu jan ruwa ne ke kafa tarihi: 2012, sai 2019, sai 2020, kowace ta zarce ta baya.

Saboda shi aka yi manyan ayyuka biyu. Na farko shi ne FANFAR, wanda ya gudana tsakanin 2018 da 2021 da kuɗin Tarayyar Turai, inda AGRHYMET da hukumar kula da ruwa ta Najeriya suka yi aiki da hukumar yanayi ta ƙasar Suwidin. Samfurin da suka yi amfani da shi, HYPE, na karɓar hasashen ruwan sama a kowace rana ya fitar da yadda kogunan Afirka ta Yamma za su kasance har kwana goma a gaba. Na biyu ƙarami ne, amma ya fi kusa da jama'a: SLAPIS, tsarin gargaɗi na kogin Sirba, da ma'aikatun yanayi da na ruwa na Nijar suka gina tare da masanan Italiya. An kafa ma'aunai masu aiko da saƙo da kansu a Bossey Bangou da Garbey Kourou, an auna kwarin kogin, an lissafa cewa in ruwa ya kai kaza a sama, to ga gonaki da gidajen da zai shiga a ƙasa. Tazarar da wannan ke bai wa ƙauyukan bakin Sirba ta kai wajen kwana guda. A ido kaɗan ce. Ga wanda zai kwashe tsofaffi da awaki da rumbu zuwa tudu, kwana guda ba abin rainawa ba ne.

Akwai dai cikas biyu da ba a cika faɗa ba. Ma'auni tsayin ruwa yake nunawa, ba yawansa ba. Don a mayar da santimita zuwa lita sai an shiga jirgi an auna gudun ruwan da zurfinsa, kuma a riƙa maimaitawa, domin yashin da ke cike kogin na sauya siffar kwarin: ruwan da a da zai tsaya a 600, yau yana iya haura haka. Na biyu kuma, yankin da waɗannan koguna ke ratsawa shi ne na iyakoki uku, inda matsalar tsaro ta yi katutu. Zuwa gyaran batirin ma'auni guda a can ya zama tafiyar da ake yi da rai a hannu.

Ƙasar da ta sauya a ƙarƙashin lissafi

A shekarun 1970 da 1980 ruwan saman Sahel ya ragu da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari in aka kwatanta da shekarun 1950 da 1960. Duk samfurin da ya yi karatu a wajen shekarun albarka zai ce koguna su ma za su ragu. Manyan kogunan da ke fitowa daga kudu sun ragu kuwa. Amma ƙananan kogunan Sahel, irin su Sirba, ƙaruwa suka yi. Abin ya ɗaure wa masana kai har suka raɗa masa suna, abin mamakin Sahel.

Na Yamai ma ya fi ban mamaki. A yankin da ke gabas da birnin, masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa, ciki har da Christian Leduc da Guillaume Favreau, tare da takwarorinsu na Nijar, sun bi rijiyoyi suna aunawa, suka haɗa da tsofaffin bayanai. Sun gano ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, alhali cikin waɗannan shekaru ne aka yi manyan fari biyu.

Bayanin na nan a gaban idon kowane manomi. Fari ya kashe itatuwa, jama'a ta ƙaru, an sassabe daji an mayar da shi gona, an daina barin saura ta huta. Ƙasar da ba ta da inuwa ko ciyawa, in ɗigon ruwa ya yi ta dukanta sai ta yi ɓawo ta zama fako. Ruwa ba ya shiga fako, gudu yake yi. A inda akwai hanyar zuwa kogi sai ya tafi kogi, ya zama jan ruwa. A inda babu, sai ya taru a tabkuna, kuma ta ƙarƙashin tabkunan ne yake zurarawa ya cika rijiyoyi. Ruwan sama ya ragu, amma kason da ke gudu ya ninka. Gurbin nan da aka cike da lamba lokacin saiti, shi ne ya tashi daga inda aka bar shi.

Wani samfurin ma ya taɓa ɗora laifi. A 1975 Jule Charney, wanda shi ne ya jagoranci hasashen kwamfuta na 1950, ya nuna da lissafi cewa ƙasar da aka tsiraita na mayar da hasken rana sama, abin da ke hana hadari haɗuwa. Nan da nan duniya ta ɗauka cewa makiyaya da masu saran itace ne suka jawo wa kansu fari, kuma an daɗe ana tsara ayyukan agaji da wannan tunani. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba wani samfurin zafin tekunan duniya na shekaru 70 kawai, ba su gaya masa komai game da shanu ko gatari ba, sai ga shi ya fitar da shekarun albarka da na farin Sahel kusan yadda suka faru. Tekuna ne ke riƙe da babban linzamin, abin da ake yi wa ƙasa na ƙara wa abin tsanani ne. Makiyayin Dakoro ya sha zargin kusan shekara 30 kafin wani lissafin ya rage masa kaya.

Ƙasar kuma ba ta tsaya ba. A jihohin Maradi da Damagaram sassaben zamani ya mayar da itatuwa cikin gonaki a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5, a Tawa kuma tassa da rabin wata na tare ruwa a inda a da yake wucewa. A gefe guda birane na shimfiɗa kwano da siminti. Kowanne na murɗa lambar ta wani ɓangare.

Minti 90 a Maradi

A watan Afrilun 2024 taron masu hasashen damina na yankin Sahel ya sanar cewa ruwa zai zarce yadda aka saba. Haka aka yi. Zuwa ƙarshen daminar, alƙaluman gwamnati sun nuna mutuwar kusan mutum 400 a Nijar, sama da miliyan ɗaya da rabi kuma abin ya shafa. Tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba. An ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun zama masaukin waɗanda suka rasa gidaje. Jihar da ta fi yawan mamata ba ta bakin kogin Isa ba ce. Maradi ce.

A ƙarshen Agustan shekarar, hukumomin jihar sun ce milimita 150 ya sauka a birnin cikin awa ɗaya da rabi, aƙalla mutum 15 suka rasu. Maradi kan samu wajen milimita 500 ne a shekara gaba ɗaya. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita, saboda haka gida mai fili murabba'in mita 300 ya karɓi lita 45,000, wato bido 1,800 masu lita 25, kafin a gama kallon wasan ƙwallo guda. A ninka wannan da yawan gidajen unguwa, a tuna kuma da katangar laka wadda ta riga ta jiƙe tun makonnin baya.

Irin wannan ruwa ba ya bi ta gaban wani ma'auni kafin ya iso. Hasashen Afrilu ya faɗi yadda daminar za ta kasance a dunƙule, bai faɗi dare ko unguwa ba, kuma ba zai iya ba. Samfuran yanayi na duniya na yanka sararin sama ne gida-gida kamar dara. A na cibiyar Turai, wanda ke cikin mafi inganci, kowane gida na da faɗin kusan kilomita 9. Cibiyar hadarin da ke zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya ba ta kai haka faɗi ba, don haka samfurin ba ya ganinta, ƙiyasta ta yake yi. Sau da yawa sakamakon shi ne ya yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan a ko'ina, maimakon ya juye shi wuri guda. Manomi ya san ruwa kan jiƙa gonar wani ya tsallake ta maƙwabcinsa. Ma'aunai kusan ɗari da masu bincike suka baza a kewayen Yamai tun farkon shekarun 1990 sun tabbatar da haka da alƙaluma: ƙauyuka biyu da ke da tazarar ƴan kilomita na iya gama damina da bambanci mai yawa.

Kuma hadarin kansa ya ƙara zafi. Wani bincike da Christopher Taylor na Birtaniya ya jagoranta, wanda ya fito a 2017, ya duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya gano cewa hadarurruka mafi ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982, abin da aka danganta da ƙaruwar zafin Sahara. Alhali hanyoyin da injiniyoyi suka daɗe suna bi wajen lissafa girman gada da magudanar ruwa a yankin sun samo asali ne daga awon da aka yi a shekarun 1950 da 1960.

Akwai abin da ke aiki duk da haka. Yawancin ruwan Sahel manyan hadarurruka ne ke kawo shi, masu tafiya daga gabas zuwa yamma da gudun da ya kai na mota a hanyar birji. Tauraron Meteosat na ɗaukar hotonsu duk bayan ƴan mintuna. Hadarin da aka gani a kan Damagaram da la'asar na iya isa Maradi da dare, kuma ana iya faɗin haka da awanni a hannu. A Wagadugu an gwada wata dabarar tun 2012: ruwan sama na rage ƙarfin saƙon da ke tafiya tsakanin eriyoyin wayar salula, to daga yawan raguwar ana lissafa yawan ruwan. Eriyoyin na nan a kowane gari. Bayanan na hannun kamfanonin waya.

Kafin a sayi fili

Ga ɗan Nijar da ke Legas ko Akara ko Aljeriya yana turo kuɗi a saya masa fili, wannan lissafi ya shafe shi kai tsaye. Yawanci da rani ake nuna fili, lokacin da kwari da tudu duk busassu ne, hoton da ake turowa ta WhatsApp kuma ba ya nuna gangare. In an ce masa wurin sai ambaliyar shekara ɗari ke kai masa, maganar ba ta nufin sau ɗaya a ƙarni. Tana nufin kowace shekara akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin ɗari. A tsawon shekara 30 na zaman gida, yiwuwar ruwan ya shigo aƙalla sau ɗaya ta haura kashi 25. Wannan ma in lambar ta tsaya inda aka lissafa ta ke nan.

Taswirar da za ta nuna gidan da ruwa zai shiga na buƙatar sanin tsayin ƙasa dalla-dalla. Bayanan tauraron ɗan'adam da ake samu kyauta na ba da lamba ɗaya ne ga kowane fili mai mita 30, kuma suna iya kuskuren mita biyu ko fiye a tsayi, a garuruwan da rabin mita ke raba gidan da ya tsira da wanda ya faɗi. Cike wannan giɓi aikin ƙafa ne da ƙananan jirage marasa matuƙi, kuma ba ya buƙatar fita waje. Manhajoji irin su QGIS da HEC-RAS kyauta ne, bayanan ruwan sama na CHIRPS da suka faro daga 1981 su ma haka. Jami'ar Abdou Moumouni da na Maradi da Damagaram da Tawa na yaye ɗalibai a fannonin kimiyya da albarkatun ƙasa a kowace shekara. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai biya su su auna kwarurrukan garinsu, da magajin garin da zai hana yanka filaye a inda taswirar ta yi ja.

Maradi ta taɓa yanke irin wannan hukunci ba tare da kwamfuta ba. A 1945 gulbi ya cinye tsohon garin da ke cikin kwari, aka tashi aka koma kan tudu, inda birnin yake a yau. Gulbin kuma daga Najeriya yake fitowa, ya ratsa Madarunfa da Tibiri da Gidan Runji ya sake komawa can, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina, yawan ruwan da ke isowa ya danganta har da abin da aka yi a wancan gefen iyaka. Duk samfurin da za a gina masa sai ya samu lambobin ƙasashen biyu.

A halin yanzu, yawancin lambobin da ke shiga littafin na fitowa ne daga mutanen da ke fita da sassafe bayan an yi ruwa, a harabar ma'aikatar gona ko bayan wata makarantar ƙauye, su ɗaga mazubin awo, su duba layin da ruwan ya tsaya, su rubuta, su buga waya. Su ne lambobin da gidan rediyon Muryar Sahel ke jerowa da damina, Mayahi milimita kaza, Tasawa kaza, Madawa kaza. Garin da ba a ji sunansa ba, wani lokaci ruwan ne bai sauka ba, wani lokaci kuma mazubin ne ya fashe tun bara ba a kawo wani ba.